Man Jan Zafi na Makau

A Tungar Manu, wani ƙauye kudu da Anka ta wajen hanyar Bagega, in ka ce kana neman Makau sai an tambaye ka wanne. Ba don suna da yawa ba. Makau ɗaya ne tak, sana'a ce ya yi ta sauyawa har aka rasa da wadda za a kira shi. Tsofaffi suna cewa Makau Mai Inji, samari suna cewa Makau Rediyo, mata kuwa a 'yan shekarun baya Makau Famfo suke ce masa, ya kuma amsa ba tare da ya ɗaure fuska ba.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, da 'yar kurumta a kunnen hagu, don haka in ana masa magana sai ya karkace kai kamar kaza ta hango shaho. Karatunsa na boko ya tsaya ranar da malaminsu ya tafi Anka karɓar albashi, har yau ana jiran dawowarsa. Da ubansa ya rasu ya bar masa gona mai duwatsu da tsohon injin niƙa, to injin ne ya cinye masa kunnen, daga baya kuma ya ci abin da ya fi kunne.

Lokacin da haukar zinari ta shigo yankin, kowa ya yar da fartanya ya shiga rami. Ana fito da dutse buhu-buhu, dutse kuma sai an niƙa kafin a wanke a ga ko akwai rabo. Makau na da inji, sai ya zama ɗan gata. Da safe gero, da rana dutse, a inji guda. Wata ƙura mai ruwan toka da ɗan walƙiya ta lulluɓe tsakar gidansa, ta hau tabarmi, ta hau akushi, yara suna rarrafe cikinta suna tsotson yatsa. A shekarar 2010 yara suka fara sanƙarewa suna mutuwa a ƙauyukan yankin. Aka ce iska ce, aka yi ta turare da rubutu. Sai da likitoci suka zo suka auna jini sannan aka ji sunan abin: gubar dalma, daga cikin dutsen. Makau ya rufe 'ya'yansa maza biyu a mako guda. Ta ukun, Lubabatu, tana goye a lokacin, an kai ta asibiti ta rayu, amma hankalinta bai biyo jikinta ba. Aka zo aka kankare ƙasar gidan aka zuba sabuwa. Makau ya sayar da injin, ya tsaya gaban liman ya rantse ba zai sake niƙa dutse ba muddin ransa.

Daga nan ya tafi Gummi ya zauna wurin wani mai gyaran rediyo a kasuwa, yana share shago yana satar sana'a da ido. Ya dawo da sukundireba da ƙarfen liƙi da wata taƙama ta wanda ya san abin da ke cikin akwatin da ke magana. Rediyo, tocila, wayar hannu, fitilar sola, duk abin da ya mutu a Tunga gidansa ake kai shi. Wasu su tashi, wasu kuma ya tabbatar musu da mutuwar.

Lubabatu ta girma ta kai tsawon uwarta Iyatu, amma in ta yi magana za ka ɗauka yarinyar da ba ta daɗe da yaye ba ce. Hanya ɗaya ta sani a duniya: daga ƙofar gida, ta bi bayan masallaci, ta fita dandalin tsakiyar gari, ta dawo. In aka kauce da ita ko taki kaɗan sai ta zauna ƙasa ta toshe kunne ta yi ta ihu. Kowa a Tunga ya san ta, kowa ya san hanyarta, har awaki suna ba ta wuri. Makau ya san cewa in akwai inda 'yarsa za ta rayu ba tare da an tsare ta ba, to nan ne, babu wani.

Sai mutanen daji suka zo. Rijiyar garin tana can fadama, bayan tsauni, daidai inda 'yan bindiga ke ratsawa da baburansu. Aka ɗauki mutum a bakinta, aka sake ɗauka. Tungayen da ke kewaye suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya, ba don an ƙone su duka ba, wasu ƙishirwa ce kawai ta kore su. Abin da ya riƙe Tungar Manu shi ne burtsatsen da wata ƙungiya ta haƙa musu a tsakiyar dandali: faifan sola a sama, tanki bisa ƙafafun ƙarfe, famfuna a jere, da wani akwati a jikin sanda wanda ke karɓar wuta daga sola ya tura wa injin da ke can ƙarƙashin ƙasa. Muddin akwatin nan na numfashi, babu mai zuwa fadama. In ya mutu, gari ya tashi. Ko Lubabatu ta samu aikin yi, kullum da safe ta ɗauki 'yar jarkarta ta je ta taro ta kawo, rabi a jarka rabi a zane.

Wanda ya haɗa kayan wani injiniya ne daga Gusau, Almustapha, siriri mai tabarau, wanda tun da ya iso yake duba agogo yana duba hanya. Ranar da zai tafi ya ce a kira masa mai gyaran garin. Makau ya zo, taubashinsa Nababa na biye da shi. Nababa ɗan ƙanwar uban Makau ne, ba ya da sana'ar da ta wuce tsokanar Makau da zama inda ba a gayyace shi ba. Jama'a kuma suka kewaye, don a Tunga ba a buɗe akwati a ɓoye.

Almustapha ya kwance murfin ya nuna wasu baƙaƙen abubuwa kamar ƙosai da aka danne, manne a jikin wani ƙarfen alminiyon mai haƙora kamar matsefi.

"Malam Makau, ka ga waɗannan? Su ke yin duk wahalar. In suna aiki sukan yi zafi kamar kaskon tuya. Zafin dole ya bi ta wannan ƙarfen mai haƙora ya fita iska, in ba haka ba su ƙone. To amma fuskar wannan da fuskar wancan, ko ka ga sun yi sumul, cike suke da ramukan da ido ba ya gani. Iska ce ke zama a ciki, iska kuwa riƙe zafi take yi kamar bargo."

Ya zaro wani ɗan sirinji mara allura, cike da abu mai ruwan toka.

"Wannan mai ne aka cuɗa da wani gari. Garin ya fi duk garin da ka sani laushi. Sai ka jera ƙwayoyinsa dubbai kafin su kai kaurin gashin kai guda. Nano ake ce masa. Su ne ke shiga ramukan su cike su, su taɓa juna, zafi ya bi ta kansu ya wuce. Kuma ba ya ɗaukar wutar lantarki, zafi kawai."

Nababa ya leƙo ta kafaɗar Makau. "Injiniya, gashin kan wa? In na Makau na, ai babu, sai dai a auna da gemu."

Aka yi dariya. Almustapha bai yi ba, yana duba agogo. Amma don ya tabbatar Makau ya gane, sai ya nuna a aikace. Ya goge man, ya ɗaura ƙarfen haka nan, ya kunna, ya ce a taɓa: baƙin abin na ƙuna, ƙarfen na nan da sanyinsa. Ya kashe, ya shafa man, ya sake kunnawa: baƙin abin ya huce, ƙarfen ya ɗauki ɗumi. Rabin garin sai da suka sa yatsa. Kowa ya ji da fatarsa cewa ga wani mai da ke cire zafi daga jikin abu.

"Kowace bazara ka buɗe, ka goge tsohon, ka sa sabo," in ji Almustapha. "Kamar ƙwayar dawa ya isa kowanne. Wannan sirinjin zai kai ka shekaru. Ka adana shi, ba a samunsa nan kusa."

Ya shiga mota ya tafi, Tunga ba ta sake ganinsa ba.

Ba a yi wata guda ba Inna Balaraba ta yi sallama gidan Makau. Ƙanwar mahaifiyarsa ce, ita ta kwana da Iyatu duk makon da aka yi rashin yaran. Ta zauna bakin tabarma ta gama gaisuwa tsaf, har da tambayar awaki, sannan ta ce:

"Makau, an ce kana da maganin zahi."

"Inna, na inji na, ba na mutum ba."

"To injin ya hi jikana? Yaro na can jiki kamar garwashi."

"Ba hakanan ba, Inna. Abin ga ba shi aiki ga hwata. Ki bari a kai shi Anka."

"Ta wace hanya? Ta wadda anka ɗauke ɗan Manu?" Ta gyara lulluɓi. "Ni nig goya ka ran da uwakka tak kwanta ciwo. Yau ina roƙon abin da bai kai kashin ƙuda ba, kana karanta mini boko."

A Tungar Manu ana iya hana ka aron jaki, ana iya hana ka aron garma har ka yi fushi ka huce. Magani ne ba a hanawa. Wanda ya hana magani, in marar lafiyan ya mutu, babu mai ce masa uffan, sai dai gaisuwarsa ta gajarce har ƙarshen rayuwarsa. Makau ya shiga ɗaki ya matso ɗan kaɗan a kan tsinke ya miƙa mata. Ta shafa wa yaron a goshi. Washegari zazzaɓin, wanda da ma ya gama abin da ya kawo shi, ya sauka.

Shi ke nan, Makau ya zama asibiti. Mai ciwon kai ya zo, mai maruru ya zo. Hammadu, Bafulatanin da ke zaune gefen gari, wanda kullum matarsa ke aiko wa Lubabatu nono kyauta, ya zo ya tsuguna ya ce hantsar saniyarsa ta kumbura ta yi zafi, ko za a taimaka. Yaya za ka kalli mai ba 'yarka nono ka ce saniyarsa ba ta kai ba? Nababa shi sau biyu ya zo, na farko don wayarsa da ke zafi a aljihu, na biyu don haƙori.

"Ƙattai ma ka ba su, balle ni ubangidanka," in ji shi.

"Kai ubangidan wa? Bawa dai. In kas sa shi ga baki ka mutu, ba ruwana."

"In nim mutu ka huta da ciyarwa. Matso, kada ka yi mini rowar gado."

Kowa Makau sai ya yi masa bayani cewa man ba ya yi wa jiki komai. Kowa sai ya gyaɗa kai ya ce gaskiya ne, sannan ya miƙo tsinke. Wanda ya warke ya yi ta shela, wanda bai warke ba ya ce an yi masa ƙwauron abin ne.

Bazarar farko Makau ya buɗe akwatin ya sauya man kamar yadda aka koya masa, ya ga sirinjin ya wuce rabi. Ya nannaɗe shi a tsumma ya cusa can ƙasan rumbu, ya fito ya shaida wa duniya cewa ya ƙare. Duniya ta yarda, ban da Iyatu, wadda ita ke shiga rumbun. Da ya zo dubawa bayan damina sai ya ji sirinjin sakayau a hannu.

"Iyatu, wa yat taɓa abin ga?"

"Ni ta," in ji ta, ba ta ko ɗago daga tankaɗe ba.

"Kin san mi kinka yi?"

"Ummukulsum maƙwabciyammu taz zo da ɗiyatta jiki kamar murhu. In ce mata mi? In ce mijina ya aje ma ƙarhe?"

"Ƙarhen ga shi ka ba mu ruwa!"

"Na sani. Ita ma ta sani." Ta ajiye rariyar. "Malam, ran da namu sunka kwanta, wa yah hana mu wani abu cikin garin ga? Ko ɗaya bai yi aiki ba, amma wa yah hana?"

Makau ya fita ya zauna zaure yana jujjuya sirinjin, yana matsa shi, iska kawai ke fitowa.

Bazara ta biyu ta zo da zafin da ko ƙadangare sai ya nemi inuwa. Akwatin ya fara gardama. Da hantsi ya yi sai wata jar fitila ta kama, injin ya tsaya, ba zai tashi ba sai rana ta yi sanyi, lokacin kuwa sola ta gaji ita ma. Ruwan da ake samu ya ragu, layin jarkoki ya kai bayan masallaci, mata suka fara faɗa a kan wa ta riga wa. Makau ya kwance ƙarfen ya duba. Tsohon man ya bushe ya tsattsage kamar gindin tafki.

Ya nemi lambar Almustapha. Ba sabis a Tunga sai an hau tsauni, tsaunin kuma ba na Tunga ba ne yanzu. Da ya samu shiga Anka ranar kasuwa cikin ayarin motoci ya kira, wata mata ta ce masa lambar ba ta aiki, cikin ladabi, har sau da yawa. Aka ce ƙungiyar ta gama aikinta ta tattara. Ya bi masu gyaran waya na Anka da sirinjin a hannu kamar mai neman ɓataccen yaro. Suka ce sai Gusau. Ya je Bukkuyum, suka ce sai Kano. Ya ƙarasa Gummi wurin tsohon maigidansa, wanda ya tono masa wani farin mai a 'yar leda daga ƙasan akwatin tarkace, ya ce tun zamanin rediyo mai kaset yake nan. Makau ya kawo ya shafa. Kafin mako ya zagayo ya zama alli. Wani direba da ya yi alkawarin sayowa daga Gusau ya dawo masa da gam na liƙe takalmi, yana ta murna ya yi abin kirki.

Sai aka koma na gida. Ya sa makilin, dandali ya ɗauki ƙamshi, Nababa ya ce ko ba komai akwatin ya fi mai shi tsabtar baki. Makilin ya bushe da rana guda. Ya sa basilin, ya narke ya zirara. Hammadu ya kawo man shanu, shi ma ya narke, tururuwa kuma ta zo ta'aziyya. Aka yi wa akwatin rumfa da zana, aka rataya jiƙaƙƙen buhu. Har dattawa suka riƙa karɓa-karɓa suna zama gabansa da mafici suna yi masa fifita kamar sabuwar amarya. Injin yakan ɗan ƙara jimawa kafin jar fitilar ta kama, amma tana kamawa.

Wata rana suna zaune ƙarƙashin tankin, Makau ya ce, kamar da kansa yake: "Mai shi kaɗai ba shi yi. Garin nan na ciki shi na aikin."

"To ka sa gari mana," in ji Nababa. "Gari ya ƙare duniya?"

"Na gero za ni sawa? Sai mai jinin ƙarhe, mai laushi."

Nababa ya ce, murya ƙasa-ƙasa: "Kai ka san inda garin ƙarhe mai laushi yake. Kalassu ma ɗaya. Toka-toka, mai walƙiya, ga sanyi ga hannu."

Makau ya juyo ya dube shi. "In ba don kai na ba, da na mare ka."

"Mare ni. In ka gama, ka hwaɗi mini inda za ka kai Lubabatu in gari yat tashi."

Makau ya kwana biyu ba ya cin abincin kirki. Rana ta uku ya je wurin liman ya tambayi hukuncin wanda ya karya rantsuwa don ruwan jama'a. Liman, wanda shi ma alwalarsa ta koma ta taimama, ya ce ya yi kaffara, Allah na gani. Makau ya samo dunƙulen dutsen nan mai dalma wurin wani tsohon mahaƙi, ya fita can ƙarshen gonaki inda iska ke kaɗawa nesa da gidaje, ya naɗe hanci da baki da rawani, ya durƙusa kan wani falalen dutse. Ba inji wannan karon, da hannu ya niƙa. Yana niƙawa ƙurar na tashi tana sauka a bayan hannunsa, irin walƙiyar nan da ya sani, bai tsaya ba. Ya tace a tsohon kallabin Iyatu, ya sake niƙawa, ya sake tacewa. Da ya gama ya tuɓe rigar da kallabin da rawanin ya cinna musu wuta, ya binne tokar, ya wanke jiki da ruwan da ya kamata gidansa su sha ranar. Bai yarda ya taɓa 'yarsa ba sai washegari.

Ya cuɗa garin da giris ɗin babur. A ido, wallahi ba ka raba shi da na Almustapha. Amma da ya murza tsakanin yatsu ya ji ɗan ƙasa-ƙasa, kamar tuwon da aka yi da garin da ba a tankaɗe da kyau ba. Na sirinji ba ya yin haka, shi kamar ba komai a ciki. Ya san bambancin. Ya duba layin jarkokin, ya shafa, ya ɗaure ƙusoshin tamau don ya matse shi sosai.

Ranar nan injin ya wuce hantsi bai tsaya ba, ya wuce azahar. Tanki ya cika har ya yi ambaliya, yara suka shiga ƙarƙashi suna wanka, mata suka yi guɗa. Nababa ya riƙa zagaya dandali yana cewa shawararsa ce, Makau lebura ne kawai. Aka kwana, aka sake kwana, ruwa na zuwa. Mutane suka fara zuwa da tsinke suna tambayar ko sabon man ma ana ba da shi. A nan kam Makau ya hana, ya ɗaga murya har aka ce ya fara girman kai.

Ana cikin haka, wata azahar, aka ji ƙara kamar an fasa busasshiyar gora. Wani wari ya tashi, hayaƙi siriri ya fito ta gefen murfin. Makau na zuwa ya tarar ko jar fitilar babu. Ya kwance murfin. Tsakanin baƙaƙen abubuwan da ƙarfen akwai wata 'yar fata siririya kamar ɓawon albasa, wadda ke hana wuta tsallakawa. Tsakuwar garin da ya matse ta huda ta. Wuta ta samu hanya ta bi, ta ƙone duk abin da ta tarar. Allon ciki ya yi baƙi ƙirin, ya kumbura, babu abin da ƙarfen liƙi zai kama.

Babu wanda ya zage shi. Da an zage shi da ya fi masa sauƙi. Mai gari ya ce Allah ya ƙaddara, kowa ya ce haka ne, aka watse.

Ruwan tankin ya ƙare. Maza suka shirya zuwa fadama a ƙungiya, da jakuna da baro, a fita da sassafe a dawo da gudu. Kwanakin farko lafiya lau. Nababa har yana cewa mutanen daji sun ji labarin yana cikin ayarin ne suka tsorata. Wata safiya ana cikin ja da guga aka ji babura ta bayan tsauni. Kowa ya yar da abin da ke hannunsa. Makau ya faɗa cikin wani kwazazzabo ya kwanta rub da ciki har ƙarar ta yi nisa. Da aka taru a gari aka duba, babu mutum uku, Nababa na ciki. Takalminsa ɗaya aka tsinta bakin rijiyar. Har yau ba a ji ko yana raye ba.

A makon ne Tungar Manu ta tashi. Hammadu ya kora shanunsa ya yi yamma, ta wajen Gummi, bai ko tsaya doguwar sallama ba. Sauran suka ɗaure tabarmi da tukwane suka nufi Anka. Safiyar tafiyar, ana ɗora kaya, aka nemi Lubabatu aka rasa. Makau ya same ta a dandali, ta ajiye jarkarta ƙarƙashin busasshen famfo, ta murɗa, ta naɗe hannu tana jira kamar kullum. Da ya ce ta zo, ta ce jarkar ba ta cika ba. Sai ɗaukarta aka yi, maza biyu, tana ihu tana cizo, aka ɗora ta bayan a-kori-kura uwarta ta rungume ta.

Yanzu suna Anka, cikin wani kangon gini da mai shi bai gama ba, kusa da tasha, su da wasu gidaje da yawa, an raba ɗakuna da buhuna. Masu gyara sun yi yawa a Anka, kuma duk yara ne masu na'urar hura iska mai zafi, ba mai kawo wa tsoho mai ƙarfen liƙi waya. Makau kura yake turawa, ta wani ce yake haya, yana bi unguwa-unguwa yana sayar da ruwa. Gwiwarsa ta fara ƙara in zai hau tudu.

Lubabatu ba ta san ko'ina ba a nan, kuma babu wanda ya san ta. Takan tashi ta kama hanya kawai tana neman bayan masallacinsu. An taɓa tsinto ta cikin kasuwa zaune ƙasa tana ihu, yara na jifanta. An sake tsinto ta can bakin gari a kan titi, wata tirela ta kusa bi ta kanta. Tun daga ranar ake ɗaure ta. Iyatu ta ce ita hannunta ba zai iya ba, don haka Makau ne ke yi kafin ya fita: igiya a idon sawu, ɗaya bakin a jikin ginshiƙin siminti, da tsawon da zai kai ta inuwa ya kai ta bayan gida. Takan miƙo masa ƙafar da kanta yanzu.

"Baba, yau za mu gida?"

"Ba yau ba."

"Gobe?"

"Zauna nan kusa ga innakki."

Igiyar ta fara cin fatar, ko da ya naɗa tsumma a ƙarƙashi. Shi ya sa yanzu yake sauya mata ƙafa, yau dama, gobe hagu.